Baƙin da Rana ta Cinye

Duk wanda ya taɓa jiran mota a bakin titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa ƙasar Boɗinga da Shagari ya miƙe Tambuwal da Jega, in dai mai lura ne, ya san kalar nan. Ita ba baƙa ba, ita ba fara ba, kuma ba da ita motar ta fito daga kamfani ba. Za ka gan ta a jikin bambar Sharon da Hayis da Golf, da robar bayan madubi, da mariƙin ƙofa, da siririn layin da ke bin gefen bodi daga gaba zuwa baya. Fentin motar yana iya kasancewa da sauran ƙyalli, injin yana iya tashi da murɗa makulli sau ɗaya, amma robar ta riga ta koɗe ta koma ruwan toka. Wadda abin ya yi wa nisa kuwa, in ka goga mata yatsa sai wani farin gari ya biyo ka, in ka sa farce sai ya bar zane. Direbobi ba su da dogon bayani a kai. "Rana ta cinye ta," shi ke nan. Kuma gaskiya suka faɗa, don ko masu ɗakin bincike ba su wuce nan ba, sai dai su ƙara maka da yadda ake cin.

Mu da muka yi wayo a Sifawa cikin shekarun 1970 da farkon na 1980 ba mu san wannan matsala ba, don bambar da muka sani ta ƙarfe ce. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma 504 ɗinsa ita ta zama motar ƙasar nan. Ita ce ta ma'aikacin gwamnati, ita ce ta haya mai kujera layi uku, ita ce a-kori-kura mai jigilar gero da awaki. Bambarta fara ce tas, mai ɗaukar ido. Idan aka ajiye mota a ƙofar gidan wani babba, mu yara mukan durƙusa mu leƙa fuskokinmu a ciki, hanci ya baje, goshi ya tsuke, muna ta ƙyalƙyala dariya har sai direba ya daka mana tsawa. A lokacin da ɗan ƙasarmu Alhaji Shehu Shagari yake shugabancin Nijeriya, daga 1979 zuwa 1983, naira ɗaya ta fi dala ɗaya. Ba wai kowa yana da mota ba ne, a garinmu jaki da keke sun fi yawa nesa ba kusa ba. Amma wadda ta shigo, sabuwa take shigowa, da ledarta a kan kujeru. Ana haɗa Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, manyan motocin Fiat a Kano.

Bambar ƙarfe kayan aiki ce. A jikinta ake ɗaura igiya a ja motar da ta mutu. Ita ake jingina wa ta wata motar a tura har injin ya kama idan batir ya yi sanyi. A kanta yaron mota yake taka ƙafa ya hau ya ɗaure kaya a bisa, kuma ranar kasuwa ba abin mamaki ba ne ka ga an ɗaure tunkiya a jikinta kafin a gama ciniki. Idan ta daki kututture ko ta yi karo da raƙumi, ba a kai ga asara ba tukuna, sai a kwance ta a kai wa fanal bita. Na sha tsayawa kallon wani dattijo da ke wannan sana'a a hanyar Boɗinga. Yakan kunna wutar kabaid ya bi lanƙwasar a hankali har ƙarfen ya yi ja, ya ɗora shi kan wani guntun ƙarfe da ya mayar uwar maƙera, ya riƙa ba shi guduma ta ciki, yana dakatawa yana rufe ido ɗaya yana hangen tsawonta ko ta miƙe. Tabon wuta ba ya fita, amma bamba ta koma bakin aiki. Gobe ta daki wani abin a sake kawo ta. Mota tana iya cinye inji biyu tana nan da bambarta ta asali. Ranar da ta mutu murus kuma maƙera suna jiran ƙarafanta, musamman sifirin, wanda suke yin wuƙa da gatari da shi.

Robar da ta karɓe wurin wannan ƙarfe ba baƙuwa ba ce a gidajenmu, ko da ba mu san sunanta ba. Ita ce ake saƙa buhun taki da na shinkafa da ita, ita ce kujerar roba ta gidan biki, ita ce tabarmar roba. Sunanta folifirofilin, kuma daga iskar da ke fita wurin tace mai ake yin ta. Wani masanin Italiya, Giulio Natta, shi ya gano hanyar haɗa ta a 1954, har ya sami kyautar Nobel a 1963 tare da Karl Ziegler na Jamus. A 1972 kamfanin Renault na Faransa ya fitar da ƙaramar motarsa Renault 5 da bambar wata irin roba, tana cikin na farko-farkon da suka yi haka, kuma kafin shekarun 1980 su ƙare yawancin ƙananan motocin Turai sun yi ban kwana da ƙarfe a gaba da baya. Masu ƙira suna da hujja. Roba ba ta da nauyi, ga mai ya yi tsada a duniya tun 1973. Ba ta tsatsa. Ana zuba ta a mazubi sau ɗaya ta fito da siffar da ake so. Kuma tana lotsawa idan ta bugi mutum. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne: wanda ya taɓa ganin abin da bambar ƙarfe take yi wa ƙaurin mai tafiya a ƙasa ba zai cika yi mata kuka ba, ko da yana kewar walƙiyarta.

Motocin alfarma akan yi wa bambarsu fenti ya dace da bodi. Motar neman kuɗi kuwa, irin ta ɗaukar kaya da fasinja, sai a bar ta yadda ta fito daga mazubi, don fenti ba ya kama wannan roba sai da ɗawainiya, ɗawainiya kuma kuɗi ce. Baƙin da muke gani a cikin jikinta yake. Wani gari ne dangin kunkunniya da ake cakuɗawa tun tana narke, yana ba ta kala, yana kuma tare mata rana gwargwadon ƙarfinsa.

Mu dai ba sabuwa ta iso mana ba. Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP naira ta fara gangara, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci da ɗan kasuwa, sai ido ya koma kan gwanjon Turai. Ana loda su a jirgin ruwa a Antwerp ta ƙasar Beljiyam, a sauke a Kwatano, da yawa kuma su biyo ta Malanbil da Gaya su ɓullo mana ta wajen Kamba, ko su zaga ta Ƙwanni su shigo ta Illela. Haka Golf ta cika tashoshinmu, sai Sharon, sai Peugeot Boxer da mutane suka ci gaba da kira J5 saboda sabo da wadda ta gada, wadda ke kwasar albasar Aliero da tumatirin fadama. Daga baya Hayis mai faɗin goshi da ake kira Homa, wadda Toyota ta fara yi a 2004, ta zo ta zama sarauniyar dogon zango. Duk waɗannan da robarsu suka zo, kuma yawanci da baƙinta, ko da motar ta yi shekara goma tana yawo a Jamus.

Abin da ya daɗe yana ba ni sha'awa shi ne yadda ƙasashen biyu suke cin mota ta fuskoki dabam. A can, lokacin sanyi ana watsa gishiri a kan titi don ƙanƙara ta narke, gishirin nan kuma shi ke cin ƙarfe. Shi ya sa gogaggen dillali, idan motar Beljiyam ta sauka, ba fuskarta yake fara dubawa ba, kwanciya yake yi ya leƙa ƙarƙashi ya ga inda tsatsa ta kai. Robar kuwa sau da yawa lafiya lau, don ranarsu ba ta kai tamu haƙori ba. Da motar ta taka ƙasar Sakkwato sai lissafi ya juye. Iskarmu busasshiya ce mafi yawan shekara, tsatsa sai ta yi sanyin jiki, ƙarfe ya sami hutu. Roba kuma ta shiga uku. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a inuwa, baƙin abu da ke tsaye a rana kuwa ya wuce haka sosai, duk wanda ya taɓa dafa dashbod da azahar ya sani.

Yadda cin yake gudana shi ne, roba tarin zaruruwa ne dogaye, ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, sarƙe da juna. A cikin hasken rana akwai wani kaso da shi ma ido ba ya gani, shi ne ke haɗa kai da iska yana tsinka zaruruwan nan a fatar robar, zafi kuma yana ƙara wa aikin sauri. Sai fatar ta cika da tsage-tsage ƙanana, farar hodar da ake cakuɗawa don ƙara wa roba tauri ta fito fili, fuska mai santsi ta koma mai kaushi. Fuska mai kaushi kuwa watsa haske take yi ta ko'ina, sai ido ya ga fari. Manomin da ya manta buhun taki a kan danga ya dawo bayan wata biyu ya ɗaga ya ga yana marmashewa a hannunsa, wannan ciwon ne ya gani, sai dai shi buhu ba a sa masa baƙin garin da zai kare shi ba. A bamba, abin da ya mutu ɗan siririn saman ne, baƙin yana nan a ƙasa. Hujjar tana wurin wankin mota: da an watsa mata ruwa sai ta koma baƙa wuluk, don ruwa ya cike tsagogin, da ta bushe kuma toka ta dawo.

Shekaru da dama babu wanda ya damu da sanin wannan. A shekarun 1990 da na 2000 kayan Beljiyam sun yi yawa, ba motoci kaɗai ba, har sassansu. Kwantena guda ake cikawa da bamba da fitilu da ƙofofi. Daga Ladipo ta Legas su watsu zuwa Ƙofar Ruwa a Kano da Fanteka a Kaduna da shagunan cikin Sakkwato. Bamba ta fashe? A jefar a sa wata. Ta koɗe? In za a sayar da motar a canja, in ba haka ba a bar ta. Fanal bita ya ga rabin aikinsa ya koma kwance noti da ɗaura noti, abin da yaronsa ma zai iya. Dattijon nan na hanyar Boɗinga, da tsufa ya kama shi yana zaune yana kallon yara suna aiki, ya taɓa ce mini, "Ɗana, wagga ba a yi ta don a gyara ba. Ka ba ta guduma ta tsage, ka ba ta wuta ta zube. Mi za ni yi da ita?" Ban ba shi amsa ba, don a lokacin haka abin yake.

Sai kuma zamani ya sake juyawa. Daga farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin baki ɗaya har ƙarshen 2020. A 2023 aka cire tallafin mai, aka saki naira ta nemi farashinta, dala ta haura naira 1,000 ta ci gaba da hawa, ga iyakar Nijar ta sake rufuwa bayan juyin mulkin Yamai. Abin da ake saya a jefar jiya, yau sai an yi shawara da mai mota, shi ma sai ya yi shawara da aljihunsa. Motocin da ke kan titinmu suka ƙara tsufa a hannun masu su, don babu na canji. Gyara ya dawo. Amma ya dawo ya tarar da mu da ilimin ƙarfe, alhali abin da ke gabanmu roba ce, kuma yawancin abin da muke yi mata da sunan gyara ƙara mata ciwo yake yi.

Je ka wurin wankin mota a gefen tasha ka tsaya. Bayan an gama cuɗa bodi da Omo, a tsakiyar rana, yaro zai ɗago ya ce, "Baba, in sa mata mai?" Direba ya ce, "Sa mata, kak ka dai bari shi taɓa fenti." Sai yaron ya ɗauko wata gora da aka yanke, da baƙin man da aka juye daga injin wata motar, ya tsoma tsumma da hannunsa tsirara ya bi bamba da shi. Nan take ta yi baƙi tana sheƙi, har ka rantse jiya aka sauke ta daga jirgi. Wasu man birki suke sawa, wanda in ya ɗiga a fenti yake cinye shi. Wasu man goge takalmi. Wasu man gyaɗa, kuma kada a yi musu dariya, don Turawan ma akwai masu shafa wa robar motarsu tunkuzar gyaɗa da wannan niyya. Duk dabara ɗaya ce da ta ruwa, a cike tsagogi da abin da ba ya saurin bushewa. Na tambayi wani direban Sharon kwana nawa wannan baƙin yake yi. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, wanga na kwana ukku na. Mai mota za shi gan ta gobe, shi nika yi ma."

Kwana ukun ma sai in ba hunturu ba. Idan iskar gabas ta taso da ƙurarta, kafin mota ta kai Shagari man ya kwashi ja ya zama laka, bambar da ta fita baƙa ta dawo kalar bulo. Kuma man ba ya fita duka, yana maƙalewa a cikin robar, ranar da aka zo yin gyaran gaske sai ya hana komai kamawa. Ni abin da ya fi damuna ma hannun yaron ne. Man da ya gama zagaya inji ba abin da ya kamata ya riƙa zama a fatar mutum kullum ba ne, an daɗe da sanin yana da illa, amma ban taɓa ganin wanda ya miƙa wa yaro ko da leda ya ɗaura ba.

Akwai kuma masu wuta. Wannan dabarar tana da asali na gaskiya. Robar nan tana narkewa ne a wajen digiri 160, don haka idan aka ɗumama fatarta daidai wa daida, tsagogin sukan narke su haɗe, santsi ya dawo, baƙi ya fito. Inda ake da lantarki ana yi da na'urar hura iska mai zafi, a hankali, hannu ba ya tsayawa wuri ɗaya. A garejinmu da wuta ba ta zama, sai fanal bita ya ɗauko abin da ya gada, wutar kabaid, ya riƙa wucewa da harshenta a kan bamba. Kallon abin da daɗi, baƙi yana bin wutar kamar ana shafa shi. Amma in hannu ya ɗan yi nawa sai wurin ya yi ƙyalli dabam, ɗan ɓarzan da kamfani ya zana wa robar ya shafe, wani lokaci ta lanƙwashe ta bar mazauninta. Ko an yi da kyau, zaruruwan da suka tsinke ba su ƙullu ba, kuma sinadaran kariya da ke fatar sun ƙara ƙonewa. Bayan 'yan watanni tokar takan dawo, sau da yawa da dabbare-dabbare. A yi na biyu, a yi na uku, sai ranar da ɗan acaɓa ya ɗan goge ta ta fashe kamar ba roba ba.

Gyaran da ke daɗewa ba shi da ban mamaki, haƙuri ne kawai yake ci, shi ya sa ba shi da farin jini a tasha. A kai mota inuwa. A wanke robar da sabulu da buroshi mai tauri, a maimaita har kumfa ta daina fitowa da ƙazanta, don duk man da aka taɓa shafawa sai ya fita. A goge da sifirit, a bari ta bushe ƙarau. A manna takarda a gefen fenti. Sannan a ɗauko baƙin rinin da aka yi musamman don roba, a shafa da soso siriri siriri, a goge abin da ya yi saura, a hana ta ruwa da ƙura yini guda. Rinin yana shiga ƙofofin da rana ta buɗe ya bushe a ciki, ya kuma sake kafa mata kariya. Mutanen da suka gaji marina ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a nan, sun san bambancin rigar da aka yayyafa wa ruwa aka kai mabuga don ta yi sheƙin yini ɗaya da wadda aka mayar karofi aka sake tura ta. Matsalar ita ce kasuwa cike take da gwangwanayen feshi masu hoton mota a jiki, yawancinsu sheƙi kawai suke sayarwa, mai saye kuma ba shi da hanyar bambancewa sai bayan an yi wanki biyu.

Wanda ya zaɓi fenti kuwa, shi ma da sharaɗi. Sai an bi ta da samfefa mai laushi an cire mataccen saman, an fesa faraimar da aka yi don roba, wadda ke sa fenti ya kama, sannan a bi da fentin da ke jure lanƙwasa. Mai fentin da ya tsallake faraimar nan don ya rage kuɗi, aikinsa yana nan yana yawo a titi, bamba tana ɓare fata faci-faci, ta fi yadda take a da muni.

Sana'ar da ta fi burge ni a wannan sabon zamanin ita ce ta masu waldar roba. Da yawansu daga gyaran bokiti da baho suka taso, irin masu yawo unguwa-unguwa da kaskon gawayi da guntayen ƙarafa a ciki. Na ga wani matashi a cikin Sakkwato ya karɓi bambar Homa da ta rabe kusan biyu. Abin da ya fara yi shi ne ya juya ta ya share ƙurar ciki yana neman wani tambari. Kusan kowace bamba tana da shi, haruffa ne a tsakanin alamu biyu masu tsini, irin >PP+EPDM<, masu faɗin irin robar da aka yi ta da ita. Ya ce in babu tambari sai ya yanki ɗan ƙanƙani ya ƙona: in ya ji ƙamshin kyandir to irin ta bamba ce, in ya ga baƙin hayaƙi mai yaji to irin ta bayan madubi ce, kuma ba sa haɗuwa, ko an narka su tare sai sun rabu. Ya huda ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ya fafe bakinta ta ciki, ya nutsa guntayen waya da zafaffen ƙarfe suka riƙe ɓangarorin biyu, sannan ya narka siririn yankin wata tsohuwar bamba ya cike ramin. Bai taɓa shiga ajin kimiyya ba. Da dattijon nan na hanyar Boɗinga yana raye da na kai shi ya gani, ko da yake na san zai ce warin ya yi masa yawa.

Wani zai ce duk wannan ɓata lokaci ne, motar da birkinta ke shan iska, tayarta ta sule, wa ya damu da kalar bambarta? Akwai gaskiya a ciki, kuma na fi son direban da ya sa kuɗinsa a taya. Amma a tasha ido yana da nasa hukunci. Fasinja in ya sami zaɓi yakan nufi motar da ta fi kama da lafiyayya. Mai mota da ke karɓar balas yana auna riƙon direba da abin da ya gani a waje, don ba ya buɗe inji. Kuma akwai direban da kawai ba ya son a ga abin neman abincinsa a wulaƙance, wannan ban ga laifinsa ba, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Inda nake da magana shi ne wurin dillalai. A da mai saye yana iya karanta roba: in ta yi toka, motar ta daɗe a ƙasar nan, kome za a faɗa masa. Yanzu motar da ta shekara takwas tana zirga-zirga tsakanin Sakkwato da Yawuri sai a wuce mata da wuta da yamma, a shafe ta da mai da safe, a kafa ta a layin "sabuwar sauka". Wanda ya iya sai ya leƙa inda wuta ba ta kaiwa, robar da ke ƙarƙashin abin share gilas, ko ya murza yatsa a bamba ya shinshina.

Maganin da ya fi kowanne araha kuma shi muka fi sakaci da shi. Sifawa gari ne da Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa daga wajen 1810 har ya koma Sakkwato a 1815, don haka ba ma rasa baƙi masu zuwa ziyara, kuma na lura direban da ya kawo su, kafin ya tambayi inda masallaci yake, bishiya yake nema. Dogon yaron da aka kawo daga Indiya zamanin Turawa ya yi wa garuruwanmu rana, ko in ce ya tare musu ita. A tashoshin da na sani ina yaro, mota a ƙarƙashinsa take jiran layi. Yau da yawan wuraren shaguna sun cinye, mota sai ta yi awa huɗu a fili tana jiran cikon mutum biyu, fasinja na gasuwa a ciki, roba na gasuwa a waje. Direbobi suna ƙorafin 'ya'yan dogon yaro da kashin tsuntsu suna ɓata musu gilas, amma wannan ruwa ke wanke shi. Rumfar zana ko tsohon tamfol a kan goshin mota ma suna rage abin da ba gwangwanin feshin da zai rage.

Bambar da ta wuce gyara ba ta zuwa maƙera kamar kakarta, 'yan jari-bola ne ke aunawa a sikeli su haɗa da fasassun kujeru da bokitai, a loda zuwa Kano inda ake niƙa roba a narka a sake zubawa. Wadda ba a taɓa yi wa fenti ba ta fi shiga, don fenti yana ɓata narkakkiyar roba. Sai dai yanzu sun sami abokan takara. Masu waldar roba su ma suna bin gareji suna sayen matattun bamba, don daga jikinsu suke yanko abin ciko, kuma matashin nan ya ce ya fi son ta baya, wadda ta sha inuwar bodi, a kan ta gaba, sannan ko ita sai ya kankare saman da wuƙa har ya kai ga baƙi kafin ya yarda ya narka ta a jikin motar mutane.